Tsohon bangon jan bulo: da wane kwaɓi za a sake cike layukansa?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana gini nake nema. Akwai wani tsohon bango na jan bulo, irin wanda ba a yi wa filasta ba, kwaɓin da ke tsakanin bulon ya fara zubewa. A wasu wurare in ka goga yatsa sai ya riƙa zubowa gari-gari, wasu layukan kuma sun zurma sosai. Shi bulon lafiyarsa ƙalau, babu wanda ya fashe. Maginin da ya fara dubawa ya ce a kankare a cike da siminti mai ƙarfi, awo ɗaya na siminti da uku na yashi, daga nan an huta. Wani kuma ya ce kada in kuskura. Maganar wa zan ɗauka?

Birkila Ɗanladi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Magininki na farko bai faɗi baƙon abu ba. Ɗaya da uku shi ne awon da hannunmu ya saba da shi. Siminti yana kamawa da wuri, ruwan sama ba ya wanke shi, kuma in an ja layin da kyau bango sai ya fito fes. Abin da ya zube ai don rashin ƙarfi ya zube, to me zai sa a sake mayar da marar ƙarfi?

Injiniya Kabiru:
Hajiya, kafin a zo maganar awo, a fara sanin da me aka gina bangon tun asali. Ki sa a ɓallo ɗan gutsure daga can cikin layi, ba na baki-baki ba, domin na waje wataƙila wani ya taɓa yin faci a kai. In kika ga fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, yana murmushewa a hannu, kuma akwai 'yan ƙwayoyi farare a ciki, to kwaɓin farar ƙasa ne. Ki jefa shi cikin ruwan khal, za ki ga yana ta kumfa. Na siminti ruwan toka ne, da tauri, kumfarsa kaɗan ce. Gwajin ba cikakke ba ne, don akwai yashin da shi kansa yake kumfa, amma yana ba da haske.

Malam Ɗanladi, da girmamawa, a nan ne na saɓa da kai. Bango ba a tsaye yake cak ba. Rana ta buge shi ya ɗan buɗe, dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta jiƙe ta bushe. Wannan ɗan motsin dole wani abu ya ɗauke shi. In kwaɓi ya fi bulo laushi, shi ne zai ɗauka. In ya fi bulo tauri, bulon ne zai ɗauka, kuma a gefensa zai fara ɓantarewa.

Sannan ga ruwa, wanda ya ma fi motsin ɓarna. Kowane bangon bulo yana shan ruwa, daga sama ko daga ƙasa, kuma dole ruwan ya nemi hanyar fita. A tsohon gini hanyar ita ce layin kwaɓi, domin ya fi bulo yawan ƙananan ƙofofi da ruwa ke bi. Ka toshe layin da siminti, ruwan sai ya koma fita ta fuskar bulo. Ruwan nan kuma yana ɗauke da gishiri. Inda ya bushe, nan gishirin ke daskarewa, yana tura fatar bulon daga ciki har ta ɓare. A ƙasashen da ruwa ke zama ƙanƙara abin ya fi muni, tunda ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Wanda ya taɓa ganin bangon da aka yi wa haka ya san kamanninsa: layukan siminti a tsaye ƙyam sun fito waje, bulon da ke tsakaninsu ya zaizaye ya koma rami. Kwaɓin da ya zube ana sake cike shi a kowane zamani. Fuskar tsohon bulo in ta tafi ba ta dawowa.

Hajiya Rabi:
Na sa an ɓallo, Injiniya. Fari ne, da 'yan ƙwayoyin da ka ce, kuma ya yi kumfa sosai.

Baba Magaji:
To 'yata, an gama magana, farar ƙasa ce. Abin da aka gina da shi, da shi ake gyarawa. In ka yi wa tsohuwar riga ɗinki da zaren da ya fi ƙarfinta, rigar ce ke yagewa, zaren yana nan.

Amma ni abin da zan fara tambaya, a wane ɓangare na bangon zubewar ta fi yawa? Ruwa ba ya tsami banza. In ƙarƙashin indararo ne, ko ƙasan taga, ko can ƙasa kusa da tushe inda ruwan sama ke fantsama, ko sama inda hular katanga ta tsage, to can ne ciwon yake. A gyara wannan tukuna. In ba haka ba, ko da me aka cike, nan zai sake ci.

Kuma kada a bari magini ya ce zai kankare bangon gaba ɗaya. Kwaɓin farar ƙasa ko lafiyayye ne ƙusa tana kartarsa, wannan ba lalacewa ba ce, haka halinsa yake. Inda za a taɓa shi ne inda ya zurma har zurfin ya kai faɗin layin ko ya wuce, da inda ya rabu da bulo, da inda yake zubowa da kansa. Wanda sai an sa ƙarfi kafin ya fita, a bar shi a wurinsa, aikinsa yake yi.

Birkila Ɗanladi:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi ta taka ba. Amma a duba wani abu. Farar ƙasa ba ta kamawa da wuri. Ka cike yau, gobe ruwa ya sauko, aikinka ya bi ƙasa. Mai gida kuma ba zai ce ruwa ba ne, cewa zai yi birkila bai iya ba. Sannan yawancin leburori ba su taɓa kwaɓa ta ba. Ni nan nake jin tsoro.

Malam Isa:
Ku ba ni dama in sa baki ta fuskar tarihi, don yana warware wani abu a nan. Simintin da muke gani kamar tun fil azal yake, ba tsoho ba ne. A 1824 ne wani birkila ɗan Ingila, Joseph Aspdin, mutumin Leeds, ya yi rajistar abin da ya kira simintin Portland, don yana kama da wani dutsen gini mai wannan suna. Kuma ko bayan haka an daɗe kafin ya mamaye aikin jera bulo, sai wajen farkon ƙarni na 20. Galibin ginin bulo da dutse da ya tsaya ɗaruruwan shekaru kafin nan, da farar ƙasa ko da ƙasa aka ɗaure shi.

Kuma tsoron Malam Ɗanladi na ruwa, magabata sun san shi. Romawa suna haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta daga yankin Pozzuoli a Italiya, kwaɓin ya kama ko a cikin ruwa. Suna kuma haɗa ta da garin jan bulo da aka daka. Daga baya John Smeaton, da zai gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Eddystone wadda ya kammala a 1759, ya gano cewa dutsen farar ƙasa mai ɗan yumɓu a jikinsa in an ƙona shi yana ba da farar ƙasa mai kamawa da ruwa. Ke nan ba iri ɗaya ba ce.

Injiniya Kabiru:
Malam Isa ya kawo mu inda ya kamata. Bari in shimfiɗa ta yadda mai saye zai gane.

Ana ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 900. Abin da ya fito ana zuba masa ruwa, ya yi zafi ya tafasa, ya koma fari mai laushi. In an bar shi a jiƙe cikin rami ko ganga, wata uku ko fiye, yana ƙara kyau da santsi. Wannan nau'in ba ruwa ne ke sa shi kamawa ba, iska ce. Yana shan iskar kabon daga sararin sama a hankali, daga waje zuwa ciki, har ya koma irin dutsen da aka ƙona tun farko. Shi ya sa yake ɗaukar makonni da watanni, kuma shi ne wanda Malam Ɗanladi ke tsoro.

Nau'i na biyu shi ne irin na Smeaton, wanda ke fara kamawa da ruwa cikin kwanaki, sannan iska ta ƙarasa. A ma'aunin Turai za ka ga an rubuta NHL 2, NHL 3.5 ko NHL 5 a jikin buhu. Lambar tana hawa, ƙarfi yana hawa. Ga tsohon bulo mai laushi NHL 2 ya isa, NHL 3.5 ga bangon da ruwa ke duka sosai. NHL 5 kuwa kusan ya kama hanyar siminti, ba na tsohon bulo ba ne.

Akwai kuma hanya ta uku, gauraya siminti da farar ƙasa da yashi. A ma'aunin Amurka, ASTM C270, an kasa shi da haruffa. Nau'in N shi ne siminti 1, farar ƙasa 1, yashi 6. Nau'in O shi ne 1 da 2 da 9, ya fi laushi. Nau'in M, wanda ya fi kusa da ɗaya da ukun da aka gaya wa Hajiya, ƙarfinsa ya ninka na N fiye da sau uku, ya ninka na O kusan sau bakwai. Ana amfani da shi a tushe da katangar tare ƙasa, ba a fuskar tsohon bango ba.

Birkila Ɗanladi:
To ka ga nan mun haɗu, Injiniya. Ɗaya da ɗaya da shida ni ma ina yi, kuma yana da daɗin aiki a cokali, ba ya saurin bushewa a hannu.

Injiniya Kabiru:
Mun haɗu a kan bulon zamani, wanda aka gasa da wuta mai ƙarfi kuma tun farko da siminti aka jera shi. A nan nau'in N daidai ne, ba ni da ja. A bangon Hajiya kuwa ni ba zan sa siminti ko kaɗan ba, sai in an rasa yadda za a yi, shi ma kada ya wuce nau'in O.

Nura:
Iyayena ku yi haƙuri, ni ɗan koyo ne. Wajen kankarewa, ba za a iya sa giranda ba, injin nan mai faifan yanka? Na ga yana sauri ƙwarai, layin da za ka yi rabin yini da kurfi, shi cikin 'yan mintoci ya gama.

Baba Magaji:
Ɗana, saurin nan ne abin tsoro. Giranda ba ya bambance kwaɓi da bulo. Hannunka ya ɗan karkata, ya ci gefen bulo, layin da yake siriri ya zama mai faɗi, kuma ba ya komawa. A layin tsaye ma ya fi ɓarna, domin faifan zagayayye ne, kafin ya kai zurfin da kake so ya riga ya yanki bulon sama da na ƙasa. Ka duba bangon da aka yi wa haka, za ka ga ɗan yanka a saman kowane layin tsaye da ƙasansa.

In kwaɓin farar ƙasa ne wanda ya riga ya mutu, ba ya buƙatar inji. Siririn kurfi wanda bai kai faɗin layin ba, ko ƙarfe mai lanƙwasa a baki, sun isa. Inda na yarda da giranda shi ne in wani ya riga ya cike da siminti mai tauri ana son cirewa. Nan ma sai a sa siririn faifai a tsaga tsakiyar layin kwance kawai, sannan a karya gefe da gefe da kurfi, ana bugawa zuwa cikin tsagar, ba zuwa jikin bulo ba.

Zurfin kuma, ninki biyu na faɗin layin ko biyu da rabi. Layi mai faɗin milimita 10, ka shiga 20 zuwa 25. In ka kai nan har yanzu gari ne, ci gaba har ka taɓa mai ƙwari. Kuma ƙarshen ramin ya zama a miƙe, saman bulo da ƙasansa su fito tas. Masu gaggawa suna kankare tsakiya su bar gefe, ramin ya tsuke a ciki, sabon kwaɓi ya rasa inda zai riƙe. Wanda ya shafa kwaɓi sama-sama a kan tsoho kuwa, ɓawo ya yi, kuma ɓawo faɗowa yake.

Dakta Hauwa:
Nura, ƙanena, ka saurare ni a kan wannan giranda. Farar ƙurar da ke tashi in ana yanka kwaɓi ko dutse tana ɗauke da ƙwayoyin silika, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Suna shiga can cikin huhu su zauna, huhun ya yi tabo ya taurare. Cutar ana kiranta silikosis, ba ta warkewa, kuma tana sa mutum ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Yankan layin kwaɓi da inji yana cikin ayyukan gini da suka fi tayar da wannan ƙura. A Amurka, dokar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta fitar a 2016 ta ƙayyade maikurogiram 50 a kowace mita kubik ta iska cikin awa 8 na aiki, kuma mai yanka a bushe ba tare da kariya ba yana wuce wannan nesa ba kusa ba. Ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Sai inji mai murfi da bututun zuƙe ƙura, da takunkumi na gaske mai matata wanda ya kama fuska.

Ita ma farar ƙasar ba abar wasa ba ce. Tana ƙona fata, a ido kuma tana iya makantarwa. Safar hannu da tabarau dole ne, kuma a ajiye ruwa mai tsabta kusa. In ta faɗa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi asibiti.

Nura:
Na gode Anti, na ji. Baba, to wajen cikewar fa, ya ake yi?

Baba Magaji:
Ka fara da yashi, don shi ne mafi yawan kwaɓin, kuma shi ke ba da launi. Mai kaifi, wankakke, mai manya da ƙananan ƙwayoyi a gauraye. Yashi mai laushi iri ɗaya yana sa kwaɓi ya tsuke ya tsage. Ka kwatanta da na tsohon kwaɓin: murmushe gutsure a tafin hannu ka ga girman ƙwayarsa da launinta, ka nemo mai kama da shi.

Ga yadda za ka san yawan farar ƙasar da yashinka ke so. Cika kwalba da busasshen yashi, ka riƙa zuba ruwa da awo har ya taso daidai saman yashin. Yawan ruwan da ya shige shi ne yawan gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin, kuma shi farar ƙasa za ta cike. Yashi mai kyau yakan sha kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa ake cewa farar ƙasa ɗaya da yashi uku, ko ɗaya da biyu da rabi.

Kwaɓin kada ya yi ruwa. Na cike layi ya fi na jera bulo kauri. Ka dunƙula a hannu ya tsaya, bai ɗiga ba, bai manne maka a yatsu ba. Mai ruwa yana ɓata fuskar bulo, kuma in ya bushe sai ya ja jiki ya rabu da gefe.

Ka share ramin da buroshi, ka wanke ƙurar daga sama zuwa ƙasa. Ka jiƙa bangon tun kafin ka fara, ya sha ya ƙoshi, amma lokacin cikewa ya zama danshi ne kawai, ba ruwa kwance a rami ba. Busasshen bulo yana tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama, washegari ka taɓa ka ji gari.

Sai ka ɗora kwaɓi a kan faranti, ka kara shi a bakin layi, ka riƙa turawa da siririn ƙarfe wanda ke shiga cikin layin. Cokalin gini ba ya shiga, shafawa kawai yake yi. Turawa ake yi da ƙarfi har ka ji ya tokare a ciki. In ramin mai zurfi ne, kada ka cika a tashi ɗaya. Fara da wuraren da suka fi zurfi, ka bar shi ya ɗan yi ƙwari, ka ƙara wani a kai. Alamar ita ce ka danna babban yatsa, ya bar shaida amma bai nutse ba.

Hajiya Rabi:
Baba, maginin ya nuna min wani salo, layin ya fito waje kamar igiya a kan bangon, an gyara gefensa da kyau. Ya burge ni gaskiya.

Baba Magaji:
Kada ki yarda, 'yata. Duk layin da ya fito ya wuce fuskar bango ya zama matattarar ruwa. Ruwa ya gangaro ya tsaya a kansa, ya shige ta baya. A tsohon bulo, gefensa ya riga ya ɗan goge. In aka cike har waje, kwaɓin sai ya hau kan gogaggen gefen ya yi fata siririya, layin ya ninka faɗinsa a ido, fatar kuma ta ɓare. A tsaya ɗan kaɗan a bayan gefen bulon, inda layin yake da faɗinsa na asali. Da ya yi ƙwari sai a daddoke shi da bakin buroshi mai tauri, ba gogawa ba, dokawa. Wannan yana ƙara danne shi, ya fito da ƙwayar yashi, ya buɗe fuskar yadda iska za ta shiga.

Birkila Ɗanladi:
A bulon zamani ni da guntun ƙarfe zagayayye nake bin layin, ya ɗan lotsa ciki. Ruwa ba ya zama a kai, kuma dannawar tana rufe gefe da gefe.

Injiniya Kabiru:
Wannan salon naka, Malam Ɗanladi, yana cikin waɗanda suka fi tare ruwa a bulon zamani. Wanda ba na so shi ne a zurma layin ciki sosai a bar saman bulo a buɗe kamar kanta.

Mu koma kan tsoronka na ruwan sama, don gaskiya ne kuma ba a amsa shi ba. Aikin farar ƙasa ba ya ƙarewa ranar da aka cike. Abu uku ke kashe shi: ruwan sama mai duka, rana da iska masu busarwa da sauri, da sanyin ƙanƙara. Maganin biyun farko ɗaya ne. A rataya buhun algarara a gaban bangon, ba manne da shi ba, a riƙa jiƙa buhun, a riƙa yi wa layin feshi mai laushi safe da yamma na kwanaki. In hadari ya taso a sa leda a kan buhun, a bar gefe a buɗe iska na shiga. A bi inuwa, kada a yi aiki a ɓangaren da rana ke duka. In ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 5 a dakata. Wannan jinyar dole a sa ta cikin yarjejeniya tun farko, a san wa zai riƙa zuwa yana jiƙawa.

Birkila Ɗanladi:
Nan ne gizo ke saƙar. Mai aiki yana son ya ga an kwashe kaya an tafi. In za a biya kwanakin jinya, ni ba ni da matsala da farar ƙasa. In ba za a biya ba, har yanzu ina ganin ɗan siminti kaɗan a ciki ya fi a bar aiki ba mai kula.

Injiniya Kabiru:
Na fahimce ka, amma in haka ne gara a sa NHL 3.5 maimakon ɗan siminti. Yana kamawa cikin kwanaki, kuma bai toshe hanyar ruwa kamar siminti ba. Ko ta wace hanya aka bi, a fara da gwaji a wani ɗan lungu da ba a gani, kamar mita ɗaya, a bar shi ya bushe sosai kafin a yanke hukunci, domin launin ɗanyen kwaɓi ba shi ne na busasshe ba.

Malam Sabo:
Ni tambayata a kan dutse ce. Katanga ce ta duwatsu marasa siffa, layukan wani wuri siriri wani wuri har tafin hannu na shiga. Shin hukuncin ɗaya ne? Kuma bayan an gama, ana iya wanke tabon kwaɓi da asid?

Injiniya Kabiru:
Ya danganta da dutsen, Malam Sabo. Dutse mai tauri irin giranit ba ya shan ruwa sosai, siminti ba zai ɓare fuskarsa ba. Amma fa tunda dutsen ba ya fitar da ruwa, layin ne kaɗai hanyar fita, in ka toshe shi danshin sai ya koma ciki. Dutsen yashi da dutsen farar ƙasa kuwa su ma suna saurin lalacewa a gefen siminti, kamar tsohon bulo.

Asid kada ya kusanci dutsen farar ƙasa ko marmara, narkar da su yake yi, kuma yana cin shi kansa kwaɓin farar ƙasar. A yi aiki da tsabta tun farko. Abin da ya ɗiga a bar shi ya ɗan bushe a kankare da katako, sannan buroshi da ruwa. Buroshin waya na ƙarfe ma a guje shi, yana barin tsatsa.

Wani abu kuma, in akwai tsaga mai hawa kamar matakala tana bin layi, ko katangar ta yi ciki, wannan ba aikin cike layi ba ne. Ka sa alama a ƙarshen tsagar, ka auna faɗinta ka rubuta kwanan wata. In tana ƙaruwa, tushe ne ke motsi, sai a kira wanda zai duba.

Baba Magaji:
Malam Sabo, inda tafin hannu ke shiga ba a cika shi da kwaɓi zalla. Kwaɓi mai kauri haka tsukewa yake ya tsage. Ka tara ƙananan gutsattsarin dutse irin na katangar, ka jiƙa su, ka sa kwaɓi a ramin, ka tura gutsuren ciki ka buga shi a hankali har ya zauna, sannan ka cike kewayensa. Da haka babu inda kwaɓi zai yi kaurin da ya wuce yatsa. Yashin nan ma ya fi na bulo girman ƙwaya. In ka kankare ka tarar da ƙasa aka jera duwatsun a ciki, kada ka yi ta haƙa, ka tsaya inda ta yi ƙwari ka rufe bakin da farar ƙasa mai laushi.

Sannan ka gaya mana, katangar tana tare da ƙasa a bayanta?

Malam Sabo:
Eh Baba, ƙasar bayan ta fi ta gaba tudu sosai. Akwai ma wasu ramuka a jere can ƙasa, na ɗauka su ma zubewa suka yi.

Baba Magaji:
Ba zubewa ba ce, da gangan aka bar su. Ta nan ruwan da ya taru a bayan katanga yake fita. In ka toshe su ruwan zai taru ya yi nauyi ya turo katangar. Ka sa sanda ka zaƙulo ƙasa da saiwar da suka cushe a ciki, kuma ka nuna wa mai aikin su ɗaya bayan ɗaya kafin ya fara, ko ka cusa guntun tiyo a kowanne har a gama.